Sabon injiniya da takardun da ake cewa ya sa wa hannu

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Damagaram ne, shekaruna 26. Na gama karatun injiniyan lantarki da injuna a makarantar injiniyoyi ta EMIG da ke Yamai, na dawo gida na yi fiye da shekara ina zaman fada da shan shayi, sai Allah Ya buɗa mini, wani babban kamfani ya ɗauke ni a sashen gyara da kula da injuna. Wata huɗu ke nan, kuma har yanzu ina lokacin gwaji. Baba, murnar ta koma ciki. Aikin da ake ba ni shi ne shigar da tsofaffin takardun gyara a kwamfuta, aikin da ɗan sakandare ma zai iya. Akwai wani dattijo a wurin, ba shi da babbar takardar makaranta, amma duk abin da na faɗa sai ya gyara mini a gaban yara, su yi ta murmushi. Abin da ya fi damuna, duk ƙarshen mako shugabana yakan turo mini takardun duba injuna ya ce in sa hannu, alhali ban je na duba ba. Na yi magana sau ɗaya, ya ce haka ake yi tun kafin in zo. A gida kuma ana ganin na zama mai kuɗi, kowa da buƙatarsa, wasu ma aiki suke so in samo musu. Wani abokina ya ce in ajiye in nemi hanyar Faransa ko Kanada. Ina tsoron a sallame ni, ina kuma tsoron abin da nake sa wa hannu. Mene ne abin yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya sa albarka a wannan aiki. Ba ka faɗi sunan kamfanin ba, kuma ka kyauta. Damuwa huɗu ka kawo, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Uku daga ciki haƙuri da dabara za su warware su. Ɗaya ce ba ta jira, ita ce ta sa hannun nan, don haka da ita zan fara, a kanta kuma zan daɗe.

Takardar duba inji shaida ce. Wanda ya sa hannu yana cewa ne: na je, na gani, wannan inji lafiyarsa lau, ɗan wani zai iya tsayawa kusa da shi. Ranar da komai ke tafiya daidai babu mai buɗe ta. Ranar da wuta ta kama ko inji ya cinye hannun wani, ita za a fara nema, kuma ba za a tambayi wanda ya turo maka ita ba, sunan da ke ƙasa za a karanta. A ranar, "shugabana ne ya ce in sa" ba za ta fisshe ka ba a gaban sufeton ƙwadago, ballantana a gaban uwar wanda ya ji ciwo.

Duk inda ake koyar da tsaron lafiyar ma'aikata ana ba da labarin Piper Alpha, wani dandalin haƙo mai a Tekun Arewa, kusa da Birtaniya. Ranar 6 ga Yuli 1988 ma'aikatan rana suka cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin a gwada shi, suka toshe bakin bututun da murfin wucin gadi, suka rubuta takarda cewa kar a tada famfon. Da dare famfo na biyu ya tsaya. Ma'aikatan dare suka waiwayi na farko, takardar da ke cewa an cire bawul ba ta zo hannunsu ba domin a wani wuri dabam aka ajiye ta, suka tada shi. Gas ya fita, wuta ta tashi, mutum 167 suka mutu. Binciken da alƙali Lord Cullen ya jagoranta, wanda aka fitar da rahotonsa a 1990, ya nuna cewa tsarin takardun izinin aiki yana nan a rubuce, amma an saba yi masa riƙon sakainar kashi. Wato su ma a can "haka ake yi" ce ta daɗe tana tafiya lafiya, har daren da ta ƙi.

To, ba cewa nake yi gobe ka shiga ofishin shugabanka ka jefa masa takardu a kan tebur ba. Kana lokacin gwaji, kuma a wannan lokaci raba ka da aiki ba shi da wuya. Akwai kuma abin da za ka fara tantancewa. Yawancin irin waɗannan takardu gurbi biyu ko uku gare su: na wanda ya yi aikin, na wanda ya duba ya tabbatar, da na wanda ya karɓi takardar ya ajiye. Ka karanta abin da aka rubuta a saman gurbin da ake nuna maka. In gurbin karɓa ne, cewa kawai kake yi takarda ta iso gare ka, wannan da sauƙi. In na wanda ya tabbatar ne, to gani ya kori ji, sai ka je.

Zuwan shi ne mafita, kuma ba ya buƙatar faɗa da kowa. Ka sami shugaban naka shi kaɗai, lokacin da ba ya cikin hayaniya, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina son in riƙa bin masu zagaye ranar da suke duba injuna, don in san abin da nake sa wa hannu, in kuma ƙaru." Ba ka ce ya yi laifi ba, ba ka ce an daɗe ana maguɗi ba. Da wuya shugaba ya hana yaro ƙarin aiki. Sau da yawa ma irin wannan shugaba ba mugu ba ne: mutane sun yi masa kaɗan, daga sama ana matsa masa ya aika takardu kan lokaci, sai ya bi gajeriyar hanya. In ka sauke masa wannan nauyi, abokin rufin asiri ya samu.

Daga nan injin da ka gani ka sa masa hannu. Wanda ba ka samu zuwa ba ka rubuta a gefe cewa ba a duba shi wannan makon ba, ko kuma wane ne ya duba, ya sa nasa hannun. Ka sayi ƙaramin littafi na aljihu, kullum ka rubuta kwanan wata, injin da ka je, abin da ka gani, wanda ka gaya wa. In kun yi magana mai nauyi da baki, ka bi ta da gajeren saƙo cikin ladabi: "Kamar yadda muka yi magana da safe, famfo kaza yana zafi, ina jiran umarninku." Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ɗaukar hoton takardun kamfani kana turawa abokai ta WhatsApp don su taya ka jin haushi. Ka duba takardar da ka sa wa hannu ranar ɗaukar aiki, da wuya ka rasa sharaɗin riƙe sirri a ciki. Da wannan kaɗai za a iya korarka, kuma gaskiyarka ta bi ruwa.

Waɗanda ka riga ka sa wa hannu fa? Kar ka je ka goge ko ka canja kwanan wata, wannan ya fi na farko muni. Ka bi injunan ɗaya bayan ɗaya a makonni masu zuwa, ka fara da waɗanda in sun ɓaci za su iya taɓa rai. In ka tarar da matsala ka rubuta ta a takardar wannan makon da kwanan watan yau.

In kuwa bayan duk wannan aka ce dole sai ka sa hannu a kan abin da ba a duba ba, musamman abin da ya shafi katse wuta kafin mutum ya sa hannu a cikin inji, to a nan babu sassauci. Ƙa'idar da aka koya maka a makaranta ba ta canja ba: a katse wuta, a sa kwaɗo a makunni, mai aikin ya riƙe mabuɗi a aljihunsa, a tabbatar injin da aka katse shi ne za a taɓa, a gwada da na'ura cewa babu wuta, inda ya kamata a haɗa wayar da ƙasa. Duk wanda ya ce ka tsallake ɗaya don sauri, ka ce masa a'a a fili, ko wane ne. Kuma akwai matakala. Babban kamfani yana da jami'in tsaron lafiyar ma'aikata, akwai kwamitin tsaro da lafiya, akwai wakilan ma'aikata da aka zaɓa, dokar ƙwadago ta 2012 ta san da su. Bayansu akwai ofishin sufeton ƙwadago a nan Damagaram. Ka hau ta daga ƙasa, tsani bayan tsani. Wanda ya fara daga sama, ko da gaskiyarsa, ya ɓata da kowa.

Yanzu dattijon nan. Ɗana, zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba: a cikin abubuwan da ya gyara maka, ka ƙirga nawa ne ya yi kuskure? In yawanci shi ke da gaskiya, to ciwon da kake ji na murmushin yaran ne, ba na zalunci ba. Gyara mutum a gaban na ƙasa da shi ba ladabi ba ne, na yarda. Amma ka duba ta wajensa. Ya ga masu difloma da yawa sun zo, sun ba da umarni, sun wuce, shi kuma aka bar shi da injin da suka ɓata. Bai san ko kai ma irinsu ne ba, gwada ka yake yi.

Makaranta ta koya maka dalilin da ya sa inji ke juyawa. Shi ya san kukan kowane inji a wurin. Zai ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya ce boris ɗin nan ba zai kai sallah ba, kuma ya zama haka. Ya san giris in ya yi yawa zafi yake kawowa, abin da sabon yaro mai ƙwazo ba ya yarda da shi sai ya ƙone boris ɗaya. Ya san famfon da zanensa na ofis ya ce bututu ya bi dama alhali tun gyaran wata shekara ya bi hagu, ba a kuma gyara zanen ba. Wannan ilimi ba ya cikin kowace kwamfuta, kuma ranar da ya yi ritaya da shi zai tafi gida.

Ka riga shi zuwa da safe. Ka gaishe shi yadda za ka gaida ƙanen mahaifinka, ka kira shi Baba ko Malam, ba sunansa gatsal ba. Ka sa hular kwano da takalmin aiki ka bi shi, ka riƙe masa fitila, hannunka ya yi baƙi. In kana da ra'ayi kan wani gyara, ka kai masa shi kaɗai tun kafin taro: "Baba, ni lissafina ya ba ni kaza, me ka gani?" In ka yi kuskure ya gyara maka a ɓoye, in ka yi daidai ya shiga taro yana bayanka. Shayin da ka ƙware a kai a fada ma ga ranarsa ta zo. Sai dai ladabi dabam, sakin aiki dabam. Dattijo ma yana da abin da ya saba yi wanda ba daidai ba, kuma tsofaffin hannu su suka fi raina kwaɗon makunni, don sun daɗe suna tsira. A wannan, kai ne injiniya.

Aikin kwamfutar da ka raina kuwa, ni da za a tambaye ni abin da za a fara ba sabon injiniya, shi zan zaɓa. Tarihin ciwon kowane inji aka zuba maka a hannu, kana kallonsa kamar shara. Kar ka tsaya a shigarwa. Ka jera su inji-inji, wata-wata, ka ga wane ne ya fi tsayawa, yaushe, me aka canja masa, bayan kwana nawa ya sake. Ƙasarmu da kanta za ta fito a cikin lissafin. Yawancin injunan lantarki da ake shigowa da su an auna ƙarfinsu ne a kan zafin iska da bai wuce digiri 40 ba, ka duba farantin da ke jikinsu. A Damagaram, Afrilu da Mayu, a inuwa ma ana wuce haka, balle cikin ɗakin kwano. Ka kuma san ƙa'idar da masu lantarki ke aiki da ita, cewa duk ƙarin zafin digiri 10 yana rage kusan rabin rayuwar rufin waya. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska da ramukan sanyaya inji, sai bazara ta zo ta tarar da shi a shaƙe. Da damina ga tsawa ga laima. Ga kuma halin wutarmu: yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogara da layin da ke zuwa daga Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka koma kan janareta da Najeriya ta katse wuta a watan Agusta 2023. Ɗaukewa da dawowar wuta, da tada inji sau da yawa a rana, suna barin tabo. In takardunka sun kai wancan lokaci, ka duba ko za ka gan shi.

In ka gano abu ɗaya, ɗaya tak, misali inji kaza yana ƙonewa duk bazara kuma share shi a ƙarshen hunturu zai fi sayen sabo araha, ka rubuta a shafi guda. Ka fara nuna wa dattijon, ka sa abin da ya ƙara, ka ambaci sunansa a ciki. Sannan ka kai wa shugabanka, ba wanda ke samansa ba. Babban kamfani ba ya lura da sabon yaro don ya yi na ɗaya a aji. Yana lura da shi ranar da ya hana inji tsayawa.

Maganar gida ba zan ja ta ba. Ka karɓi takardar albashinka ka karanta ta layi-layi, ka ga abin da aka cire na haraji da na CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, ka kuma tabbatar an yi maka rajista kana da lamba, domin ita ce madogararka in ka ji ciwo a bakin aiki, ita ce kuma fanshonka. Abin da ya rage shi ne kuɗinka, ba adadin da ake yayatawa a unguwa ba. Ka zauna da mahaifanka su biyu ka faɗa musu gaskiyar adadin, da abin da za ka iya ɗauka duk wata, ko buhun hatsi ne ko kuɗin makarantar ƙanne. Abu tsayayye, ko jika ashirin ne, ya fi yau ka yi kyautar sarauta gobe ka ɓuya. In mahaifiyarka ta san gaskiya, ita za ta tare maka rabin masu zuwa. Kar ka ci bashin banki, kar ka ɗauki babur bashi, kar ka sa ranar aure da wannan albashi kafin takardar tabbatarwa ta zo hannunka. Masu neman ka samo musu aiki ka ce musu kai ma ƙafarka ɗaya ce a ciki, ka nuna musu ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, su yi rajista, in an buɗe gurbi ka sanar da su. Kar ka karɓi takardun kowa, domin wanda ka karɓi takardarsa ya ɗauka alkawari ka yi.

Abokinka mai Faransa da Kanada, shi yana can ne ko a fada yake ba da shawarar? Ko a can ɗin, abin da za a fara tambayarka shi ne me ka taɓa yi da hannunka, kuma wata huɗu na shigar da takardu ba amsa ba ce. Ka dubi inda kake tsaye. Matatar SORAZ da ke arewa da garin nan a ƙarshen 2011 ta fara aiki, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, da ɗanyen mai da ke zuwa ta bututu daga Agadem. Bututun da ya tafi gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, a 2024 aka fara lodin jirgi da mansa. Wato sana'ar haƙo mai da tace shi a ƙasarmu ko shekara ashirin ba ta yi ba. Ga lantarki, ga ruwa, wanda kai ɗan Damagaram ba sai an gaya maka ba: garin da ke zaune kan dutse, ruwansa daga Gogo da Machaya da Arunguza famfuna ke turo shi, in sun tsaya sai 'yan garuwa su ci kasuwa. Duk waɗannan wurare masu difloma ba su yi musu kaɗan ba. Wanda ya haɗa difloma da sanin inji a cikin zafinmu da ƙurarmu shi ne ake nema da fitila. Shekara biyu ko uku a sashen gyara, kana bin irin dattijon nan, za su mai da kai wannan mutum. Bayan haka in ka ga tafiya ce alheri, ka tafi da abin nunawa.

Dalili ɗaya ne zai sa in ce ka bar wurin kafin lokacin: in ka bi matakalar nan duka, aka nuna maka ƙarara cewa zamanka ya dogara da sa hannu a kan ƙarya. In ta kai haka, ka fara neman wani wurin tun kana ciki, ka ba da sanarwa a rubuce yadda yarjejeniyarku ta tanada, ka karɓi takardar shaidar aiki, haƙƙinka ce a doka, ka fita ba tare da zagin kowa ba. Injiniyoyin ƙasar nan ba su da yawa, wanda ka zaga a Damagaram shi za ka tarar a teburin ɗaukar aiki a Yamai.

Amma ban ga alamar ta kai can ba. Sau ɗaya ka yi magana, kuma ƙorafi ka kai, ba mafita ba. Ranar Litinin ka nemi jadawalin zagayen duba injuna na wannan makon, ka ga ranar da dattijon zai fita, ka gaya wa shugabanka kana son ka bi shi. In kun yi wata guda a haka ka sake rubuto mini, ka faɗa mini injin da ya fi tsayawa a cikin takardunka da watan da yake tsayawa.